Reshen da Gwaggo Ta Yanke

Ganye ɗaya ne ya hana ni barci. Jiya da yamma na tsinko shi daga bishiyar lemon da ke tsakar gidan Gwaggo, na jefa a aljihu ba tare da kowa ya lura ba, na zo da shi ɗakina na ajiye a kan tebur kusa da kofin shayi. Har aka kira asuba ina tashi in murza shi tsakanin yatsuna, in kai hanci, in koma in kwanta, ina lallashin kaina cewa hanci ma yana kuskure. Da gari ya waye ganyen ya zama tsumma, amma ƙanshinsa bai sauya magana ba. Kaifi ne da shi, irin mai tsinka miyau, ba sanyin ƙanshin lemon zaƙi ba.

Shakkar da ta kwana tana cina ita ce ko na gani daidai. A ƙarƙashinta kuma akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ba na son ɗagawa: idan har na gani daidai, to jiya na yi wa gidan da ya rene ni ƙarya, a gaban mutane, da bakin wanda ya yi karatu.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun ban iya tafiya ba, bayan rasuwar mahaifiyata, ta haɗa ni da ɗanta guda ɗaya ta riƙe. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini, ko da kuwa kunnena take ja. Ɗan nata, wanda nake kira Yaya, mai walda ne. Tun ranar da na shiga jami'a ya laƙaba mini Farfesa, sunan ya bi ni har bakin matan unguwa.

Ilimin itatuwa masu 'ya'ya na karanta. A shekarar ƙarshe aka koya mana aurar da dashe: a samu ɗan itace mai ƙarfin saiwa wanda 'ya'yansa ba su da daɗi, a tsaga ɓawonsa, a cusa idon reshen iri mai kyau, a ɗaure. Idan ya kama, na sama shi ke haihuwa, na ƙasa shi ke ciyar da shi. Gindin da muke ɗora lemo a kansa wani lemon tsami ne mai kaushin ɓawo, wanda muke kira jaki, domin aikinsa ɗaukar kaya. Auren farko da ya kama a hannuna na lemo mai cibiya ne a kan jaki. Na rungumo shi cikin baƙar leda na kawo wa Gwaggo, na dasa mata a kusurwar da ke jikin katangar titi. Na gaya mata ba ya ƙwallo, na gaya mata zaƙinsa, na gaya mata a ƙasan kowane ɗa za ta ga 'yar cibiya. Bayan haka aiki ya jefa ni wata gonar gwaji mai nisa, zumuncinmu ya koma na waya. Sai cikin watan nan aka dawo da ni gonar renon dashe da ke bayan gari, kuma jiya ne na fara taka gidan.

Ashe jirana ake yi, ba don kewa kaɗai ba. Hukuma ta ba masu sana'a a bakin titi wa'adi su tashi, Yaya yana cikinsu. Hanya biyu ta rage masa: ko ya fasa katangar gida daidai kusurwar lemon ya fitar da shago, ko ya karɓi wata rumfa can ƙarshen gari inda babu wanda ya san shi. Gwaggo ta ce ba a taɓa mata bishiya a shekarar da ta fara haihuwa. Da gardama ta yi tsawo, Yaya ya yanke ta da kansa: idan irin da Farfesa ya faɗa ne, ya haƙura ya tafi, idan ba shi ba ne, a sare.

Ko ruwa Gwaggo ba ta bari na sha ba. Ta kama hannuna ta ja ni tsakar gida, inda maƙwabta biyu, mai ɗinki da matar mai shago, suke zaune kamar gayyato su aka yi. Tun daga nesa na ga alamar matsala. Bishiyar ta zarce katanga, ta yi duhu, ta yi wata irin lafiya da mai cibiya ba ya yi a ƙasa mai tsakuwa irin ta gidan. Ƙayoyinta kamar basilla. Sabon tohonta ja ne mai duhu. 'Ya'yanta kore ne shar, ɓawonsu duk gargada, kuma a ƙasan kowanne akwai ɗan tsini da ya turo waje.

"Ka ga cibiyar, Babana?" in ji Gwaggo, tana tallafe da ɗaya a tafin hannu kamar kan jariri. "Ga ta nan ta fito, yadda ka ce. Kowanne da tasa."

Cibiyar lemo ciki take lotsawa. Ba ta turowa waje.

"Inna, anya wannan cibiyar ba ta yi yawa ba?" in ji matar Yaya daga bakin ɗakin girki. "Ko ungozomar ce ba ta iya yanka ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Ke dai ci gaba. Ranar da ya nuna ko ɓawo ba za ki lasa ba."

"Ni da zan sha na farko? Ƙaramin maigidana ne fa ya dasa."

Gwaggo ta juyo gare ni, fuskarta cike da abin da ta daɗe tana ajiye mini. "Ai ba ka san wahalar da na sha ba. Bayan tafiyarka tsayawa ya yi cak, ɗan reshen nan tsamurarre, 'yan ganyensa rawaya kamar mai shawara. Sai Allah ya fito da wani daga ƙasa, kakkaura, kullum ka duba ya ƙara. Na ga wancan maras lafiyar shan ruwa kawai yake yana tauye ɗan'uwansa. Na ɗauko wuƙar girki na fille shi. To tun ranar bishiya ta miƙe."

Na durƙusa kamar mai duba saiwa, domin kada a ga fuskata. Ga guntun nan, busasshe, bai fi ɗan yatsa ba, a saman ƙullin auren da na ɗaura da hannuna. Daga ƙarƙashin ƙullin kuma jakin ya fito ya zama bishiya.

"To, Farfesa," in ji Yaya, yana jingine da katanga, hannuwa a harɗe. "Mun ji na masu gida. Kai muke jira. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Na ɗago. Idon mai ɗinki a kaina, idon matar mai shago a kaina. Na dubi hannun Gwaggo da ke riƙe da ɗan lemon, hannun da ya yi ta jido ruwa daga famfon ƙarshen layi duk rani saboda maganar da na faɗa.

"Shi ne," na ce. "Sai dai a jira ya nuna."

Gwaggo ta tafa hannu tana duban matan. Yaya ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Shi ke nan. Tunda kai ka faɗa." Ya juya ya fita.

Wannan "tunda kai ka faɗa" ita ta raka ni wurin aiki yau da safe.

Gonarmu rumfuna ne na raga masu tace rana, ƙarƙashinsu layuka na baƙaƙen ledoji, kowane layi da ɗan allon kwano a bakinsa. Na wuce ɓangaren mangwaro, inda mai zare yake goye da manyan iri, mai jan kumatu da wancan dogon mai siririn ƙwallo da ke nuna yana kore. Na wuce gwaiba, fara da mai jan ciki, waɗanda a leda ba mai iya raba su sai allo. Na wuce gajerar gwanda mai haihuwa tun tana ƙugun mutum. A da nakan yi alfahari da cewa ko an tuge allunan nan duka, zan mayar da mafi yawansu inda suke. Yau sanin nan ne na yi fatan a ce ba ni da shi. Na isa layin jakunan da ba a aurar ba, na tsinki ganye na murza. Na je layin mai cibiya na yi haka. Sannan na fito da tsumman ganyen Gwaggo. Ba a buƙatar jami'a kafin a raba su.

Da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta zo ɗaukar dashen tanjirin da na garehul, babban lemon nan mai ɗan ɗaci. Ina sa mata su a bayan mota na ji bakina yana karanto abin da nake gaya wa kowane mai saye: "Kin ga wannan ƙullin? Duk abin da ya tsiro a ƙasansa ki cire, komai kyansa. Na saman shi ne naki, ko da ya fi rauni." Ta yi godiya ta tafi. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Baƙuwar da ban san sunanta ba ta samu wannan jumla a kyauta. Gwaggo kuwa na cika ta da labarin zaƙi da cibiya, na tafi da jumlar a bakina.

"Mutumina, tun safe kake shinshinar ganye kamar akuya mai zaɓe. Lafiya?"

Gajere ne, abokin aikina, wanda muka yi aji ɗaya da shi. Tsawonsa ne ya jawo masa sunan. Na gaya masa komai. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhun taki.

"Jaki! Tsohuwa tana ta kiwon jaki tana jiran ya yi haniniya!" Da ya dubi fuskata sai ya haɗiye sauran. "To mene ne abin rama a ciki? Ka bari ya nuna. Idan suka sha suka yamutsa fuska, ka ce ƙasar gidan ce, ko ruwan sabulu. Wa zai musa maka? Kai ne mai takarda."

"Kafin ya nuna Yaya ya bar unguwar."

"To ka ce auren ne ya mutu da kansa tun farko, reshen da ta yanke dama gawa ne. Ka ce hannunka bai ƙware ba a lokacin. Ka ɗauki laifin, tsohuwa ta tsira da mutuncinta, mai walda ya samu shagonsa. Kowa ya yi barci."

Wannan shawarar ta biyu ta shige ni, kuma shigarta ce ta fi ba ni kunya. Ƙarya ce mai kama da sadaukarwa. Mutum zai yi ta har ya ji ya burge kansa. Na yi ta juya ta ina cika ledoji da ƙasa. Sai na ga cewa wanda za ta fi karewa ni ne: ba zan ga fuskar Gwaggo a lokacin da ta gane ba. Kuma Gwaggo za ta ci gaba da ba matan unguwa labarin yadda ta ceci bishiya da wuƙar girki, wata rana wata ta koma gida ta yi wa nata dashen haka.

Ina cikin wannan wayata ta yi ƙara.

"Farfesa, motar gonarku tana da aiki gobe? Ina so in fara kwashe ƙarafa. Mai rumfar can ya ce in ba shi amsa yau."

Babu fushi a muryar Yaya, babu gori. Da akwai, da na fi samun sauƙi.

"Kada ka ba shi amsa," na ce. "Ina zuwa."

Na nemi izini wurin shugaban gona. Na ɗauki zarto da almakashin reshe da tsohon buhu da igiya. Wuƙar da nake aurar da dashe da ita dama tana aljihu. Ba na fita ba tare da ita ba.

Na sami Yaya a ƙarƙashin tamfol ɗinsa, ya duƙa a kan wata ƙofar ƙarfe, baƙin gilashi a fuska, tartsatsi na zuba a ƙafarsa. A gefe akwai baro da aka kawo gyara, da keken yara maras feda, da tukunyar da hannunta ya cire. Duk kayan unguwa ne, na mutanen da ke aiko yaro da saƙon baki su ce a kai wa mai walda. Babu ɗaya cikinsu da zai bi shi ƙarshen gari.

Na jira har ya ɗago, sannan na ce, "Yaya, jiya ƙarya na yi."

Ya tura gilashin goshi. "Wacce daga ciki?"

"Lemon nan ba shi ba ne. Gindin ne ya girma. Lemon tsami ne, kuma ko ya shekara yana nuna haka zai zauna."

Ya dube ni da jajayen idanunsa na masu walda. Ya miƙa hannu ya kashe janareto.

"Ka san jiya kwana na yi ina tunanin yadda zan riƙa fita yara ba su tashi ba, in dawo sun yi barci?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai dai tun muna yara haka kake. A fasa tulu, ka tsaya kana kallon ƙasa har a gama dukana, sannan ka zo kana ba ni haƙuri da rabin ayabarka." Ya cire safar hannu ya jefar kan ƙofar. "To me ya ɓata shi? Kai ka kawo mata na banza?"

Na gaya masa maganar reshen. Ya nemi benci ya zauna.

"Reshen da take ba kowa labarinsa?"

"Shi."

Ya rufe baki da tafin hannu. Na kasa gane ko dariya yake dannewa ko wani abu dabam; ina jin shi ma bai gane ba.

"To ka ji," ya ce daga baya. "Ni ba zan gaya mata ba, ko da a bayan duniya zan koma walda. In na faɗa, cewa za ta yi shagon nake so. Kai ka ce shi ne, kai za ka je ka ce ba shi ba ne. Kuma bari in aiki matata kasuwa tukuna, don bakinta ba shi da murfi."

Gwaggo tana zaune a kan kujerar tsuguno a inuwar bishiyar, tana ɗinke bakin wata matashi. Ta yi mamakin ganina kwana biyu a jere, har ta tambaya ko an kore ni daga aiki. Na gaishe ta, na ajiye buhun kayana a gefe. Na san idan na fara da magana zan kauce, don haka na fara da hannu. Na miƙa na tsinko ɗa guda.

"Kai, Babana! Bai nuna ba!"

Na durƙusa gabanta, na buɗe wuƙata na raba shi biyu. Ɓawon ya yi kauri. Na matse rabi a tafin hannuna, ƙwallaye suka zubo, farare, masu yawa. Na miƙa mata hannun.

Gwaggo ba ta yi makaranta ba, amma ba a maimaita mata magana. Ta dubi ƙwallayen, ta dube ni.

"Ka ce mini ba ya ƙwallo."

"Mai cibiya ba ya yi."

Ta ɗauki ɗaya rabin ta kai baki. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta riƙe ruwan a bakinta na ɗan lokaci, ta haɗiye.

"Ba rashin nuna ba ne?"

"A'a, Gwaggo."

Na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun ranar dashe: cewa itace biyu ne a jiki ɗaya, na sama da na ƙasa, cewa na ƙasa ya fi ƙarfi, kuma in aka ba shi hanya shi ke cinye wurin. Ina magana idonta yana sauka a hankali, daga rassa zuwa gangar jiki, har ya tsaya a kan busasshen guntun nan. Allurar tana hannunta, zaren yana lilo.

"Wanda na yanke," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

Maganar Gajere tana kan harshena, a shirye, mai santsi. Da na ce dama ya mutu, da ta yarda, domin ni na faɗa.

"Shi ne," na ce. "Ban gaya miki wanda za a bari ba. Kullum ina gaya wa baƙi, ke ban gaya miki ba. Jiya kuma na gani na gane, na ce shi ne don kada ki ji kunya gaban mutane."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki da hanci. Na ga Gwaggo cikin fushi, na gan ta cikin kuka ranar da mijinta ya rasu, amma ban taɓa ganin ta tana jin kunyata ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa ido a kan ƙwallayen da ke hannuna, domin babu wani wuri a gidan da zan iya kallo.

"Na yi wa mai ɗinki alkawari," ta ce ta cikin mayafin. "Na yi wa matar mai shago. Har likitan da ke duba mini ƙafa na ce zan kawo masa." Ta dubi katangar titi. "Yaron nan kuma na tsaya na hana shi wurin neman abincinsa. A kan lemon tsami." Ta soke allurar a jikin matashin. "Kira shi ya zo da gatari."

"Gwaggo, ki ba ni ita."

"Ka yi me da ita?"

"Saiwar da kika rena ba ta da laifi. Ko a gonarmu babu gindi mai ƙarfinta. Zan datse ta daidai ƙirji, in tono ta da ƙasarta, in mayar da ita can bayan ɗakin girki. Yaya ya fasa katangarsa. Idan ta yi toho, sai tohon ya yi kaurin fensir, in sake ɗaura mata mai cibiya." Na dafa jikin bishiyar. "Tana iya mutuwa. Babbar bishiya ba ta son ƙaura. Ba zan ce miki za ta yi ba."

"Wa zai san lokacin da ya kai kaurin fensir? Kai da za ka sake ɓacewa?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki matashinta ta shiga ɗaki, ta saki labule. Na zauna a wurin, ruwan tsamin yana bushewa a hannuna. Yaya ya leƙo daga bakin ƙofar gida yana tambayata da gira. Na girgiza kai, don ban san me aka yanke ba.

Can sai muryarta ta fito daga bayan labule. "Ku tsinke 'ya'yan tukuna, kada a yi asara. Ku zuba mini a kwando. Mai ɗinki tana fama da mura, ni zan kai mata da kaina."

Muka tsinke su, ƙaya tana yagar mana hannu. Na sa zarto na sauke rassan ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana ja yana fitarwa titi. Tsakar gidan ta yi wani irin haske da ban saba da shi ba, kamar an cire wa mutum hula. Muka haƙa rami kewaye da gindin, da nisa, don kada mu taɓa manyan saiwoyi. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, ba irin ta sauran gidan ba. Duk ruwan da Gwaggo ta jido yana nan a ciki. Muka naɗe saiwar da buhu muka ɗaure, muka ja ta a kan tsohon kwanon rufi zuwa bayan ɗakin girki.

"Farfesa," in ji Yaya yana haki, "jakin nan naka, yau shi ake ɗauka."

Ban iya dariya ba, amma na gode masa a raina.

Matar Yaya ta dawo daga kasuwa ta tarar da kututture tsaye a sabon wuri, babu ganye ko ɗaya. Ta buɗe baki, mijinta ya dube ta, ta rufe. Shi kuma ya ɗauko alli ya tsaya gaban katangar titi yana auna faɗin ƙofa da hannu.

Na wanke hannuna na yi sallama a ƙofar Gwaggo. Tana zaune bakin gado, kwandon lemon a gabanta, tana ware manya daga ƙanana. Ba ta ɗago ba. Na fito da wuƙar aurena, na goge ta, na naɗe a hankici, na ɗora a kan kantar da take jera kwanoninta.

"Mene ne wannan?"

"Wuƙar aikina ce. A nan za ta zauna."

"Da me za ka yi aiki a can?"

"Zan riƙa aro." Na tsaya a bakin labule. "Duk abin da ya tsiro, kada ki cire, kada ki bari wani ya cire. Ni zan riƙa zuwa ina dubawa, tare za mu zaɓa."

"Ni da wuƙa ai mun raba hanya," ta ce, ta jefa wani ɗan lemo cikin kwando.

Na fito na ɗauki bokitinta biyu a gindin randa, na nufi famfon ƙarshen layi.